Amsa ga mai furojek kan Makarfi: tarihinta, yanayin ƙasarta da yawan mutanenta

Wani ɗalibi ya turo min saƙo cewa an ba shi furojek kan ƙaramar hukumar Makarfi, wai ya rubuta tarihinta da labarin ƙasarta da yawan mutanenta, ya shiga intanet ya ga kowa da lambar da ya rubuta, wani ya ce dubu ɗari da arba'in da wani abu, wani ya ce sun haura dubu ɗari biyu da hamsin, shi kuma lakcaransa ya ce kar ya kawo masa kame-kame. Shine yake tambaya wanne zai ɗauka, kuma ta ina zai fara.

To ɗana, sannu da ƙoƙari. Na koyar da labarin ƙasa a sakandare nan Zariya shekaru masu yawa kafin in ajiye alli, kuma ina cikin malaman da aka ɗiba aikin ƙidayar 2006, a ƙauyukan arewacin Zazzau aka tura mu, don haka abin da zan faɗa maka rabi daga takarda ne rabi kuma da ƙafata na taka.

Kafin komai sai ka raba abu uku da mutane ke cakuɗawa, don nan ne ɗalibai ke faɗuwa. Akwai Makarfi gari, akwai ƙasar hakimin Makarfi, akwai kuma ƙaramar hukumar Makarfi mai ciyaman da kansiloli da sakatariya. Sunansu ɗaya amma iyakarsu ba ɗaya ba ce, shekarunsu ma ba ɗaya ba. Garuruwan tsofaffi ne, tsarin hakimin da ke zaune a ƙasarsa na zamanin Turawa ne, ita kuwa ƙaramar hukumar da kake gani a taswira yau, in mutum ce, ko shekara arba'in ba ta yi ba. In ka ɗauko lambar ɗaya ka liƙa wa ɗaya to ka yi aika-aika, kuma wallahi yawancin abin da ka gani a intanet haka aka yi shi.

Ta fuskar tarihi duk yankin nan ƙasar Zazzau ce, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai, wadda cibiyarta ta taso daga Turunku ta zo gindin dutsen Kufena har ta zauna a birnin Zariya. Ba sai na ja ka da labarin Sarauniya Amina ba, ka sha ji tun firamare. Abin da ya shafi aikinka shine wurin da Makarfi ta faɗo, wato can arewa, bakin iyakar Zazzau da Kano, kan hanyar da fatake ke bi tsakanin biranen biyu. Zaman bakin iyaka yana da nasa hali. Ana ciniki da aure da ƙetare, ana kuma zaman ɗar-ɗar in sarakuna sun saɓa ko mahara sun fito, shi ya sa tsofaffin garuruwan wajen da yawa suna da ganuwa, in ka lura da kyau za ka ga burbushinta, wani tudun jar ƙasa da ya zagaye tsohon gari wanda yanzu an nome rabinsa an yi bulo da sauran. Ko a baki ma za ka ji iyakar nan, Hausar mutumin arewacin Makarfi ta ɗan karkata Kano, ba irin tamu ta cikin birni ba da Kanawa ke mana tsiya wai ba mu san mace ba mu san namiji ba a magana, mu ce mota na ya lalace. Su dai bayinmu ne, a bar su su yi ta surutu.

Da jihadi ya iso Zazzau a farkon ƙarni na 19, wasu littattafan su rubuta 1804 wasu 1808, Malam Musa ya karɓi gari, Sarki Makau ya yi kudu, daga baya 'yan'uwansa suka kafa Abuja ta asali wadda ake kira Suleja yanzu. Daga nan sarautar Zazzau ta koma hannun gidaje huɗu, Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa. Amma ga abin da nake so ka riƙe, a wancan zamanin babu wani abu mai kama da yanki guda mai iyaka a zagaye wanda za ka ce nan ne ƙasar wane. Masu sarauta a birni suke zaune, kowanne an ba shi garuruwa a warwatse, ɗaya a gabas ɗaya a kudu ɗaya can wajen iyakar Kano, jakadunsa ne ke zuwa karɓo haraji su kawo. Gari biyu na kallon juna amma kowanne da ubangidansa daban a birni.

Turawa ne suka zo suka ga wannan ba zai yi musu ba. Sun shigo Zariya 1902, suka tuɓe Sarki Kwasau aka naɗa Aliyu Ɗan Sidi a 1903, kuma cikin 'yan shekarun da suka biyo baya suka tattara garuruwan da ke maƙwabtaka da juna suka mai da su ƙasa ɗaya ƙarƙashin hakimi ɗaya, suka ce hakimi ya tattara ya bar birni ya koma can ya zauna. Dalilin ba wani ɓoyayye ba ne, haraji ne. Di'o, wato Baturen mulki, na son in ya fito rangadi ya tarar da mutum ɗaya da zai riƙe, da littafi ɗaya mai sunan kowane magidanci. Daga hakimi sai dagaci, daga dagaci sai mai unguwa. To asalin taswirar da ta rikiɗe ta zama ƙananan hukumomin yau kenan, kuma asalin ƙidayar mutane a ƙauyukanmu kenan, ƙidaya ce ta masu biyan haraji da ta shanun jangali. Ka ajiye wannan a ranka don zan dawo kansa.

A 1911 layin dogo da ya taso daga Baro ya isa Kano, ya ratsa wannan yankin, akwai tasha a Likoro akwai a Gimi. Jirgi ne ya kawo cinikin auduga da gyaɗa gadan-gadan, aka yi injin gurzar auduga a Zariya, aka buɗe gonar gwaji a Samaru a 1922 wadda daga baya ta zama cibiyar binciken aikin gona ta jami'ar Ahmadu Bello bayan an kafa jami'ar a 1962.

Gimi ɗin nan ma tana da wani labari da ba kowa ya sani ba. Wajen 1913 zuwa 1914 mishan na Dokta Miller da ke cikin birnin Zariya ya tsugunar da wasu mutane a can, zuriyar waɗanda ake kira Isawa saboda yadda suke fifita Annabi Isa, aka yi ɗan ƙauyen Kirista, amma ciwon barci ya shiga cikinsu ya kashe da yawa har zaman ya watse, daga baya a 1929 mishan ɗin ya koma Wusasa. Na kawo wannan ne don ka ga yadda ƙasar take a lokacin, daji ne mai duhu a bakin rafuka, ƙudan tsando mai yaɗa ciwon barcin ya samu wurin zama. Ciwon ya addabi arewa maso gabashin Zazzau har a ƙarshen shekarun 1930 Turawa suka yi wani babban shiri a Anchau, nan maƙwabta cikin Kubau ta yanzu, suka sare kurmin bakin rafuka, suka tashi ƙananan ƙauyuka suka haɗe su wuri guda, suka gina sabon gari suka sa masa suna Takalafiya. Hikimar ita ce in mutane suka yi yawa a wuri suna noma suna saran itace, tsando ba ya iya zama. Wato a lokacin kakanninka matsalar ƙasar nan ƙarancin mutane ce, daji ya fi ƙarfinsu. Ka riƙe wannan ma, don in mun zo lissafin yau za ka ga yadda abin ya juye.

Sauran tarihin mulki gajere ne. En'e, wato hukumar sarki, ta riƙe ƙasa har bayan 'yancin kai, a 1967 aka yi jihar Arewa ta Tsakiya, a 1976 aka sa mata suna Kaduna, a shekarar kuma aka yi gyaran ƙananan hukumomi na ƙasa baki ɗaya aka samu guda 301. A wannan rabon Makarfi ba ta samu tata ba, ƙarƙashin Ikara take, ita da Kudan da Kubau duk uwa ɗaya. 'Yan siyasar jamhuriya ta biyu sun ƙirƙiro ƙarin ƙananan hukumomi barkatai, Buhari ya zo a 1984 ya soke aka koma 301. Zamanin Babangida ne, bayan an cire Katsina a 1987, Makarfi ta tsaya da ƙafarta, kuma a lokacin har da Kudan da Hunƙuyi da Likoro a cikinta. Sai 1996 zamanin Abacha, lokacin da aka kai adadin ƙasa 774, aka yanke Kudan aka ba ta hedikwata a Hunƙuyi. Har yau kujerarsu ɗaya a majalisar wakilai ta tarayya, Makarfi da Kudan, kuma suna cikin ƙananan hukumomi takwas na shiyyar sanatan Kaduna ta Arewa tare da Zariya, Sabon Gari, Soba, Ikara, Kubau da Lere.

Ka ga illar wannan ga furojek ɗinka ko? Ƙidayar 1991 an yi ta ne Kudan na cikin Makarfi, ta 2006 kuma an yi ta bayan an raba. Na taɓa duba aikin wani yaro da ya jera lambobin biyu ya ja layi ya rubuta cewa mutanen Makarfi sun ragu, har ya kawo dalilai, wai ƙaura zuwa birni da cututtuka. Babu wanda ya ragu, wuƙa aka sa aka raba ƙasar biyu. In za ka kwatanta 1991 da 2006 dole ka haɗa Makarfi da Kudan wuri ɗaya tukuna.

Haka ma ƙasashen hakimai, kar ka ɗauki adadinsu kamar abu ne tsayayye. Lokacin gwamna Ahmed Makarfi, ɗan garin, wanda ya yi mulki daga 1999 zuwa 2007 kafin ya tafi majalisar dattawa, an ƙara masarautu da hakimai da yawa a jihar, sai a 2017 gwamnatin El-Rufa'i ta rage su daga 390 ta mai da su 77 kamar yadda suke kafin 2001. Don haka in dattijo ya ce maka garinsu na da hakimi, tambaye shi a wace shekara. Abin da bai cika motsi ba shine mazaɓu, guda goma ne: Makarfi, Tudun Wada, Gazara, Ɗanguziri, Gimi, Gubuchi, Gwanki, Mayere, Ɗandamisa da Nasarawan Doya. Da su za ka tsara aikinka, ya fi maka sauƙi.

Yanzu ƙasar kanta. Faɗinta kimanin murabba'in kilomita 540 ne, ƙarama ce, Kudan ma ta fi ta ƙanƙanta, nata faɗin wajen 400 ne. Ka kwatanta da Birnin Gwari mai sama da 6,000, za a iya zuba Makarfi goma a ciki a samu canji. Kudan na yamma da ita, Ikara gabas, Soba kudu, arewa kuma jihar Kano. Daga Zariya in ka hau titin Kano ka sauka Tashar Yari ka shiga ciki, ba ta kai tafiyar awa ɗaya ba in hanya lafiya.

Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya a kan tudu, mita 600 da ɗoriya sama da teku kamar Zariya, tana ɗan hawa tana sauka a hankali, ƙarƙashinta tsohon dutse ne irin wanda ya leƙo waje ya zama Kufena. Wannan dutsen shi ya sa ruwan ƙasa ba ko'ina yake ba, sai inda dutsen ya ruɓe ko ya tsage, shi ya sa za ka ga an haƙa burtsatse a nan ta yi ruwa, an matsa taku ɗari biyu an haƙa ta fito ƙura, mutane su ce ɗan kwangila ya ci kuɗi, wani lokacin ya ci ɗin, wani lokacin kuma dutse ne kawai. Wani abin da nake so ɗalibai su sani, tsakanin Zariya da Kano akwai doron ƙasa da ke raba ruwa biyu. Ruwan da ya gangara kudu yana bin Galma ya shiga kogin Kaduna ya faɗa Neja ya tafi teku, wanda ya gangara arewa kuma ya bi Challawa da kogin Kano ya nufi Haɗejia da Yobe har tafkin Chadi. Yankin Makarfi a kusa da wannan doron yake, ma'ana kan rafuka ne, ba gindinsu ba, babu wani babban kogi, sai ƙananan ƙoramu masu yawa da ke cika da damina su janye da rani su bar fadama.

Ruwan sama wajen milimita 1,000 ne a shekara, yana farawa Mayu ya ɗauke farkon Oktoba, marka a Agusta, sai hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu, sai zafin bazara Maris da Afrilu. Dajin da littafi zai ce maka akwai, babu shi, an nome. Abin da ya rage itatuwan da manomi ya bari da gangan ne don suna ba shi wani abu, ɗorawa don kalwa, kaɗanya, kuka, tsamiya, gawo, sai mangwaro da dalbejiya da aka shuka. In ka tsaya kan tudu da kaka ka duba, gona ce ta haɗe da gona har iya ganinka.

Fadamar nan ita ce dukiyar Makarfi, don ita ta haifi rake. Duk wanda ya san arewa in aka ce Makarfi rake zai fara tunawa, kasuwarta ta yi suna a kansa, a lokacinsa za ka ga dami-dami an jingine kamar katanga, ana lodin manyan motoci zuwa garuruwa masu nisa. Rake ba kamar masara ba ne da za ka shuka ka girbe cikin wata huɗu, yana cin kusan shekara a gona, yana son ƙasa mai riƙe danshi da taki mai yawa da hannu mai yawa, don haka mai fadama ko da 'yar kaɗan ce ya fi mai tudu mai faɗi samun kuɗi a hannu. Sai kuma mazarƙwaila. Na taɓa kwana biyu a wani ƙauye wajen da ake yin ta, tun da asuba an ɗaura doki yana zagaya injin matsewa, yaro na tura sandunan rake tsakanin ƙarafa, ruwan na tsiyaya kore-kore cikin garwa, can gefe an haƙa murhu an ɗora wani faffaɗan kasko, ɓawon raken da aka matse aka shanya shi ne makamashin, ba a sayen itace. Mai dahuwa na tsaye da doguwar ludayi yana kwashe kumfa, ba agogo ba ma'auni, da ido da ƙamshi yake gane ta yi, in ya yi sakaci kaɗan ta ƙone ta yi ɗaci, in ya yi gaggawa ta ƙi daskarewa. Da ta yi sai a zuzzuba a ƙananan kwanoni a jera, kafin la'asar an juye an tara. Yanzu inji mai mai ya karɓe aikin doki a wurare da yawa amma dahuwar tana nan yadda take.

A tudu kuma da dawa ce da gero da gyaɗa da auduga. Gyaɗa ta samu karaya bayan cutar da ta faɗa mata a 1975, auduga ta bi masaƙun Kaduna suka mutu tare, masara ce ta zo ta cike gurbin tun daga ƙarshen shekarun 1970 lokacin da aka kawo sabon iri da takin zamani mai rahusa, har yanzu yara suna ɗauka tun fil azal tuwon masara muke ci. Sai waken suya da shinkafa da barkono, da rani kuma tumatir da albasa a bakin fadama da injin ban ruwa. Wanda ya noma tumatir a 2016 ba zai manta tsutsar nan da ta cinye gonaki ba har gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci, haka wanda ke ban ruwa da fetur ba zai manta Mayun 2023 ba da aka cire tallafi.

To mu zo kan lambar da ta dame ka. Ƙidaya ta ƙarshe da aka yi a Najeriya ita ce ta Maris 2006, wadda ta ba ƙasa miliyan 140 da 'yan kai, jihar Kaduna wajen miliyan 6.1, Makarfi kuma kimanin 146,000, Kudan kimanin 139,000, Zariya sama da 400,000. Za ka ga 'yan ɗaruruwan ƙarshe sun bambanta daga wuri zuwa wuri don an fitar da sakamakon wucin gadi sannan aka fitar da na ƙarshe. An shirya wata ƙidayar a 2023 aka ɗage. Don haka duk wata lamba da ka gani ta bayan 2006 ba ƙirga ba ce, lissafi ne, an ɗauki ta 2006 an yi ta ƙara mata wajen kashi 3 cikin ɗari duk shekara. Kai ma za ka iya da kalkuletar wayarka, 146,000 in ta yi shekara 20 tana ƙaruwa da kashi 3 za ta kai wajen 264,000. Kaga waɗanda ka gani a intanet ba lallai ƙarya suke ba, ɗaya ya ba ka ƙidaya ɗaya ya ba ka hasashe, laifinsu rashin faɗa maka wanne ne wanne. A aikinka rubuta duka biyun, ka sa shekara a gaban kowacce, ka bayyana kashin da ka yi amfani da shi, lakcara ba shi da abin cewa.

Ita kanta ta 2006 ɗin, tunda da hannuna aka yi, bari in gaya maka yadda ake samun lambar. Ƙa'ida ita ce wanda ka gani da idonka shi za ka rubuta, ka shafa masa tawada a babban yatsa. Mun shiga wani gida, zaure biyu, sassa sun fi goma a ciki, maigidan dattijo ya shimfiɗa mana tabarma ya sa aka kawo fura, muka ce Baba mutum nawa ne a gidan, ya yi dariya ya ce shi ba ya ƙirga 'ya'ya, abin da Allah ya ba ka ba a lissafa shi. Sai da abokiyar aikinmu mace ta shiga ciki ɗaki-ɗaki, ta fito da adadin da ya ninka abin da babban ɗansa ya faɗa mana a zaure, don shi ɗan bai sa jarirai ba, bai sa amaren da aka kawo bana ba, bai sa almajiran da ke kwana a soro ba. A wata rugar kuma da muka hango ta daga nesa, kafin mu isa samari sun kora shanu sun yi daji, tsohuwar da muka tarar ta ce jangali ne ya dawo. Ka tuna gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali tun 1979, amma shekara 27 bayan nan mutum da biro da takarda a ƙofar gida har lokacin mai karɓar haraji ne a idonsu. Wannan shine abin da na ce ka ajiye a ranka.

A ɗaya gefen kuma akwai masu son lambar ta kumbura, don kuɗi na bin ta. Ƙananan hukumomi na da kashi 20.6 cikin ɗari na asusun tarayya, kuma wajen raba shi kashi 40 daidai wa daida ne, kashi 30 yawan jama'a, kashi 10 faɗin ƙasa da yanayinta, sauran kuma wasu ma'aunai. Ƙaramar hukuma mai ƙaramin fili irin Makarfi ba ta da abin kamawa sai kawunan mutane. Shi ya sa kafin ƙidaya za ka ji ana shela 'yan gari da ke Kaduna da Abuja da Legas su dawo gida a ƙirga su, mun ga motoci na sauke mutane ana gobe za a fara. Ɓoyewa na ja ƙasa, kumburawa na ja sama, abin da ya fito shi muke da shi, kuma ni a ganina ga yanki irin wannan bai yi nisa da gaskiya ba, don gidajen a cike muka same su.

Wani gargaɗi, fam ɗin 2006 bai tambayi addini ba bai tambayi ƙabila ba, da gangan aka cire su. Duk wanda ya rubuta maka kashi kaza Hausawa kashi kaza Fulani daga kansa ya ciro. Abin da za ka iya rubutawa da gaba gaɗi shine mafi yawa Hausawa da Fulani ne Musulmi, akwai Fulanin gida da na ruga, akwai kuma ƙauyukan Maguzawa waɗanda da yawansu Kirista ne yanzu, Hausawa ne tsantsa kuma manoma na gaske, sai 'yan kasuwa da ma'aikata da ɗalibai daga wasu sassa, musamman saboda makarantar koyon aikin lafiya da ke garin mai sunan marigayi Sarkin Zazzau Shehu Idris.

In ni ne kai, babin da zan fi ba ƙarfi shine na raba mutane da ƙasa, don nan ne naman yake. 146,000 a kan murabba'in kilomita 540 ya ba ka mutum 270 a kowane ɗaya, tun a 2006 kenan, alhali Birnin Gwari wajen 40 take. Mai da shi hekta, 54,000 ne gaba ɗaya, har da gari da titi da maƙabarta da dutse da rafi. In hasashen 264,000 ya yi kusa, kowane rai na da wajen kashi ɗaya cikin biyar na hekta, rabin eka kenan, gida mai mutum goma hekta biyu, kafin ka cire inda ba ya nomuwa. Ƙasar da shekara 90 da suka wuce ake neman mutanen da za su kori tsando, yau ba ta da saurar da za a bari ta huta ko shekara ɗaya. Daga wannan lissafin kusan komai ke fitowa. Gandu ya watse don gonar uba in aka raba wa 'ya'ya goma sha biyu kowa fegi yake samu, haya da jinginar gona sun yi tsada, ba a noma sai da buhun taki don ƙasa ta gaji, burtalin da shanu ke bi an matse shi har ya zama siririn hanya shi ya sa kowace kaka sai an kai ƙara gaban dagaci, samari kuma da an gama girbi sai cin rani, wasu acaɓa wasu baro. Mai tura baron rake da kake gani a bakin titi a manyan garuruwa yana fere shi da 'yar wuƙarsa yana yayyafa ruwa, ka tsaya ka tambaye shi garinsu wata rana, kar ka yi mamaki in ya kira maka ɗaya daga cikin mazaɓu goman nan.

Don haka kar ka zauna a Samaru ka gama aikin nan a waya. Ka je sakatariya ka nemi taswirar mazaɓu, ka kai gaisuwa fadar hakimi da 'yar takardar gabatarwa daga sashenku, ka cire takalmi ka durƙusa yadda aka saba, ka roƙi a haɗa ka da dattawa biyu ko uku a garuruwa daban-daban, kuma kowanne ka tambaye shi abu ɗaya: gonar da mahaifinsa ya noma, yau mutum nawa ke cinta. Ka rubuta amsar da sunan garin da ranar da ka yi hirar. In ka samu ka je tsakanin Nuwamba da Fabrairu ya fi, lokacin rake na kan ganiyarsa kuma manoma na da sararin zama su yi magana. In ka dawo ka kawo min babin farko in duba maka, ka haɗo da mazarƙwaila guda biyu, mai haske ba wadda ta ƙone ba.